Yadda Zaki Saita Barcin Ƙaramin Yaro, Tun Daga Tashin Safe Har Shiga Gidan Sauro

Ɗana na biyu lokacin yana shekara biyu da rabi sai da ya kusa zautar da ni. Sha ɗaya na dare idonsa ƙyar kamar na mujiya, yana tsalle a kan katifa, ni kuma ga gajiya na kwaso tun asuba, in na kashe fitila ya tsala ihu, in na miƙa masa waya ya yi shiru amma barcin ba zai zo ba, sai wajen sha biyu ya ɓingire a inda yake. Da safe kuma tashinsa rigima ce, ya ƙi karyawa, ya wuni yana ƙananan koke-koke. Na yi tofi, na kai shi asibiti an duba kunne an duba haƙori, lafiyarsa ƙalau. Ashe matsalar ba a daren take ba, tun safe nake ɓata barcin da hannuna ban sani ba. Toh abin da zan jero miki a nan shi ne yadda na gyara wunin gaba ɗaya, daren kuma ya gyara kansa.

Kafin komai ki san adadin da ake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar: jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana buƙatar barcin awa 14 zuwa 17, daga wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Wannan lissafin har da na rana a ciki fa. Ki zauna ki ƙirga na ɗanki na kwana uku tsakaninki da Allah, da yawanmu zamu ga yaran suna bin mu bashin barci kullum.

Mataki na farko: ki tsayar da lokacin tashi

Kowa lokacin kwanciya yake fara kamawa, ni ma haka na yi na sha kaye. Ba zaki iya tilasta wa yaro barci ya ɗauke shi ba, amma tashinsa a hannunki yake. Ki zaɓi lokaci ɗaya, misali shida da rabi ko bakwai, ki riƙe shi har Asabar da Lahadi. Ko jiya sha biyu ya kwanta ki tashe shi, nasan da tausayi, zai yi kuka, ki daure. Ki buɗe labule, ki fito da shi tsakar gida ya ga hasken rana, don hasken safe ne yake saita agogon jiki, shi ne yake sa barci ya zo da wuri da daddare. Kwana uku zuwa biyar zaki fara ganin hamma tun bayan magariba.

Mataki na biyu: abin da yake shiga cikinsa

Nan zan ɗan daɗe don nan ne muka fi yin kuskure. Shayi. Mun mayar da shi kamar ruwa, yaro ɗan shekara biyu a cika masa kofi da ganyen shayi da suga cokali uku, safe da dare. Ganyen shayi yana da sinadarin da ke hana barci, irin wanda ke cikin goro da kofi da lemon kwalba mai baƙi, sannan kuma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda shi ne yake gina jini. Yaron da jininsa ya yi ƙasa zaki ganshi kasala, saurin fushi, tafin hannu fari fat. In dole sai ya riƙe kofi kamar kowa, ki ba shi madara da ruwan ɗumi ba ganye, shi dai ya ga an zuba masa.

Abin karyawa kuma ba sai mai tsada ba. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ɗumamen tuwo da miyar kuka, dafaffen ƙwai in da hali, duk sun fi biskit da lemon leda nesa ba kusa ba. Kunun yara ki yi shi da kauri yadda zai tsaya a cokali, don tsararon kunu ruwa ne kawai yake cika ciki. Ni nakan soya gero da waken soya da gyaɗa sama-sama in kai inji a niƙa, in ajiye garin a roba mai murfi, kullum in dama, wataran in zuba garin busasshen kifi ko na zogale kaɗan. Ɗan wata 6 zuwa 8 ana ba shi abinci sau 2 zuwa 3 a rana bayan nono, daga wata 9 zuwa shekara biyu sau 3 zuwa 4 da ɗan abin taɓawa a tsakani, ayaba, gwanda, mangwaro, dafaffen dankalin Hausa.

Mai jariri kuma, wata shidan farko nono zalla, ko ruwa ba sai an ba shi ba, ko a zafin Afrilu, nonon yana da ruwan da ya ishe shi in ana ba shi akai-akai. Zuma kuwa sai ya cika shekara, nasan wannan maganar tana jawo rigima da kakanni, amma zuma tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba. Ni da Hajiya ta kawo ta a kwalba cewa na yi "Hajiya an gode Allah ya ƙara girma, zan ajiye masa sai ya yi ƙwari", na karɓa hannu biyu na sa a kabad, ba faɗa ba komai. Gyaɗa ɗai-ɗai da aya da alawa mai tauri su ma ki nisanta su da ƙananan yara saboda shaƙewa, a niƙa a ba su.

Wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan fo, naki da nasa. Wannan ba sai na ja shi ba.

Mataki na uku: ki bar shi ya gaji

Yaron da bai gaji ba ba zai yi barci ba, ko ke ce. Ƙa'idar nan ta 2019 ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 ya samu motsa jiki na minti 180 a wuni, awa uku kenan, ba a jere ba, a warwatse cikin yini, kuma ɗan shekara 3 zuwa 4 a cikin awa ukun nan a samu awa ɗaya na wasan da zai sa shi haki da gumi. Da na fara jin awa uku sai na ce ina, amma ki tuna yarintarmu, wa yake ƙirga mana? Wasan ɓuya, garen taya, 'yar gala-gala, langa, tuwon ƙasa, bin akuya a lungu, har sai an kira mu da bulala. Yanzu kuwa gidajen sun zama falo da tayil, get a kulle, yaro yana motsi a ce zauna kar ka ɓata kaya.

Abin da na yi shi ne na raba shi biyu. Da hantsi kafin rana ta yi zafi a fita tsakar gida, bayan la'asar kuma a sake fita. Na ware masa kayan wasa guda biyu tsofaffi waɗanda ko ya yi birgima a ƙasa ba zai dame ni ba, wannan kaɗai ya rage min faɗa da rabi. Na samo ƙwallon roba da tsohuwar tayar keke. In gidanki ba fili ki ture kujeru, ki jera filo a ƙasa ya riƙa tsallakewa, ki aike shi ɗauko abu daga ɗaki zuwa kicin sau goma, ki ba shi ƙaramar tsintsiya, a wajensa duk wasa ne. Abban su ma ki sa shi a ciki, in zai je masallacin la'asar ko shagon bakin layi ya riƙe hannun yaron su taka a ƙafa maimakon a ɗora shi a mashin.

Sai dai ki duba tsakar gidan kafin ki sake shi: rijiya a rufe, bokiti da baho mai ruwa a kife ko a ɗauke, don ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwarki ba, kuma shiru zaki ji ba ihu. Kalanzir da fetur da fiya-fiya kar a zuba su a robar lemo.

Goyo kuma, ba wanda zai raba mu da goyo, shi ne yake ba mu damar aiki. Amma kar ya wuce awa ɗaya a jere yaro yana ɗaure idonsa biyu, a sauke shi ya miƙe ƙafa. Jaririn da bai fara rarrafe ba ki riƙa kifa shi a kan cikinsa a tabarma yana farke kina kallonsa, a tara kamar minti 30 a wuni, shi ne yake ƙarfafa wuya da kafaɗa.

Mataki na huɗu: barcin rana

Ƙailula tana da kyau, lokacinta ne abin lura. Bayan azahar an ci abinci a kwanta, awa ɗaya zuwa biyu ya isa, kafin la'asar ko da an kira la'asar a tashe shi. Kuskuren da na daɗe ina yi kenan, ina barinsa ya yi barci daga huɗu zuwa shida saboda in samu in yi girki cikin kwanciyar hankali, sai in biya bashin da daddare. Barcin bayan la'asar shi ne ɓarawon barcin dare. In kin ga yana gyangyaɗi ƙarfe biyar ki wanke masa fuska ki fita da shi waje, gara ki kwantar da shi da wuri da daddare. Wasu yaran daga shekara uku zuwa huɗu suna daina barcin rana da kansu, kar ki matsa, ya dai kwanta shiru na ɗan lokaci.

Mataki na biyar: waya

Toh fa. Nan ne gaskiya take da ɗaci don ni ma mai laifi ce. Ɗan ƙasa da shekara biyu ba a so ya zauna kallon waya ko talabijin sam, daga shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a wuni, in ya gaza haka ma ya fi. Da daddare kuma hasken allon yana danne sinadarin da ƙwaƙwalwa take saki in duhu ya yi don barci ya zo, ga katun ɗin kansa da ihu da kala-kala, yaro ya gama kallo jikinsa a gajiye amma kansa a kunne.

Dokar da na kafa mai sauƙi ce: da an kira magariba an gama waya. Kallonsa ya koma da rana. Kuma dokar ta hau kaina, don ba zai yiwu ina kwance ina danna WhatsApp ina ce masa rufe idonka ba. Ina sa ta caji a falo in shiga ɗaki hannu rabbana. Kwana biyun farko ya yi birgima, ya yi "Umma waya, Umma waya" har muryarsa ta dishe, na ce masa waya ta yi barci, a kwana na huɗu shi da kansa yake cewa waya ta yi barci.

Mataki na shida: daga magariba zuwa isha

Mu Allah ya hutar da mu, muna da agogon da yaro yake ji da kunnensa, kiran sallah. Iyayenmu da almuru ta kawo kai suke kora yara cikin gida, kuma akwai hadisi a kan hakan. Ki ɗora tsarinki a kai, abu ɗaya bayan ɗaya, kullum a jere iri ɗaya, don maimaitawar ce take gaya wa jikin yaro dare ya yi.

Ga yadda namu yake. Kafin magariba wanka, da ruwan ɗumi in lokacin sanyi ne, a shafa mai sosai saboda hunturu yana busar da fata yaro ya kwana yana susa. Bayan magariba abincin dare, kar a kai shi tara ko goma a jira maigida ya dawo, yaran su ci nasu da wuri. Sai goge baki da buroshi da man goge baki, ɗan ƙasa da shekara uku ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa sama kamar ƙwayar wake ƙarama, ke zaki goge masa, kuma bayan nan ba alawa ba fida mai suga a baki, ita ce take cinye haƙoran gaba. Sai fitsari a fo. Sai a shiga gidan sauro, a rage haske, a yi tatsuniya guda ɗaya.

Tatsuniyar nan kar ki raina ta. Ina cewa "ga ta nan ga ta nanku" zaki ji an amsa "ta zo mu ji ta" an gyara kwanciya. Gizo da Ƙoƙi sun ishe ki shekara guda, in ta ƙare ki ƙirƙiro, ba mai kama ki. Ki dai bar na dodo da kura mai cin yara zuwa rana. Ki riƙa sassauta murya kina jan maganar a hankali, in kin kai ƙurunƙus sai addu'ar barci, Bismika Allahumma amutu wa ahya, ki karanta ƙulhuwallahu da falaƙi da nasi ki tofa ki shafe shi. Duka-duka minti 20 zuwa 30. Ana idar da isha, wajen takwas zuwa takwas da rabi, ya kamata ya yi nisa.

In yanzu sha ɗaya yake kwanciya kar ki dawo da shi takwas a dare ɗaya, ba zai yiwu ba. Ki riƙa matso da shi minti 15 zuwa 20 duk bayan kwana biyu.

Mataki na bakwai: ɗakin kansa

Gidan sauro kowane dare, ba sai damina ba, don sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo. In sabo ne mai magani ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana ciki, shi ne yake rage ƙaiƙayin fuskar da mutane ke kuka da shi. Ki cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta ko'ina, ki duba huda ki ɗinke, in zaki wanke da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa ba a rana ba. Ko a tsakar gida kuke kwana lokacin zafi ki kafa ƙusa ki ɗaura.

Lokacin zafi in ba wuta, riga 'yar shara ta auduga, ki jiƙa tawul ki goge masa jiki, ga mafici. Janareta a nesa da taga da ƙofa, hayaƙinsa yana kisa cikin barci kuma iskar da ke kisan ba ta da wari. Haka kaskon gawayi lokacin sanyi, kar a rufe ɗaki da shi a kwana, ki ɗumama ɗakin ki fitar da shi. Jariri kuma a rigingine ake kwantar da shi, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo ba tulin bargo kusa da fuskarsa.

Mataki na takwas: daren da ya ƙi

Zai zo, ba makawa. Zai fito daga net, zai ce ruwa, zai ce fitsari, zai ce ƙafarsa. Ki ba shi ruwan sau ɗaya, ki mayar da shi, magana kaɗan, "dare ya yi, kwanta", ba hira ba faɗa ba kunna fitila. Ko sau goma ne ki mayar. Kar ki ce ga dodo nan ko ga mage za ta cinye ka, zai yi shiru a ranar amma kin saya masa tsoron duhu. Duka ma haka, yaron da ya yi kuka ya gaji ya yi barci zai farka tsakar dare yana ajiyar zuciya.

Abu ɗaya da nake roƙonki don Allah: kar ki ba yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci. Wani mai kemis ya taɓa miƙo min kwalba ya ce rabin cokali kawai zaki huta, kuma nasan gidajen da ake yi, musamman ranar biki. Magungunan nan ba a yi su don haka ba, suna iya danne numfashin ƙaramin yaro, wasu yaran ma maimakon barci sai su ƙara birkicewa.

In kin yi duk wannan sati biyu zuwa uku ba canji, ko yaro yana minshari mai ƙarfi kullum, yana barci baki buɗe, numfashinsa yana ɗaukewa yana dawowa, ki kai shi asibiti a duba maƙogwaro da hanci. Mai susar dubura da daddare kuma sau da yawa tsutsar ciki ce, daga shekara ɗaya ana ba da maganinta.

Mataki na tara: katin asibiti

Yaro mara lafiya ba tsarin da zai yi aiki a kansa, don haka katin rigakafi ya zauna inda kike ganinsa. Allurar da ake yi da an haife shi, ta sati 6, sati 10, sati 14, ta ƙyanda a wata 9 da ta biyunta a wata 15, da ɗigon bitamin A duk wata shida daga wata 6 har shekara biyar. Da damina kuma masu bi gida-gida suna raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a jihohin arewa da Nijar, wata-wata, na kwana uku ne, su ba da na ranar farko ke ki ƙarasa na kwana biyun, kar ki jefa shi a kwano ki manta.

Gudawa in ta zo, ruwan gishiri da suga na leda, ki haɗa da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14 ko da ta tsaya, a ci gaba da nono da abinci. Zazzaɓi a yi gwaji kafin a sha maganin maleriya. Amma in yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, ya yi jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko haƙarƙarinsa yana lotsawa in yana numfashi, wannan ba a jiran safiya. In kina shakkar numfashin ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru ki ƙirga na minti ɗaya cif: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri, a tafi.

Tsarin zai rushe wataran, ki sa a ranki. Biki, tafiya garinku, baƙi, azumi da ake raba dare ana hidima. Mu bayan sallah ƙarama sai da muka koma sha ɗayan dare cur. Ban tsaya gyaran daren ba, washegari shida da rabi na ɗaga labule na sunkuce shi yana kuka na fito da shi tsakar gida, na dama kunu, na hana barcin la'asar. Daren Laraba ina tsakiyar labarin yadda Gizo ya shiga rumbun sarki na ji shiru, na leƙa, har ya saki gefen zanina.